Zaɓen Injin Canji ga Tsohuwar A-kori-kura a Ƙasar Jega

1.0 Gabatarwa

A-kori-kura ita ce ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda ke da mazaunin direba da mutum ɗaya ko biyu a gaba. Sunan nata harɗaɗɗen suna ne da aka gina daga jimla sukutum, kamar yadda aka gina a-ci-balbal da a-daidaita-sahu. A garuruwa irin su Alelu da ke ƙaramar hukumar Jega, da Aliero, da Maiyama, wannan mota tana cikin abubuwan da ke haɗa gona da kasuwa. Ita ke shiga fadama ta kwaso albasa da shinkafa da tattasai zuwa bakin titi, inda manyan motoci ke jira, ita ce kuma ke kai 'yan kasuwa da kayansu kasuwannin ƙauye.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun girmi direbobinsu. Jikinsu yakan jure shekaru masu yawa, domin mai walda yana iya toshe duk inda tsatsa ta ci, amma inji yana da iyakar kwanansa. Ranar da ya gaza, mai mota yakan shiga tsaka mai wuya: kuɗin sabuwar mota sun fi ƙarfinsa, ajiye tsohuwar kuma yana nufin tsayawar abincin gidansa da na yaron motarsa. A wannan darasi za a duba yadda ake gane injin da ya ƙare, da hanyoyin da ke gaban mai mota, da ma'aunan da ya kamata ya yi amfani da su kafin ya fitar da kuɗinsa.

2.0 Asalin Waɗannan Motoci

Mafi shahara daga tsofaffin a-kori-kura a Arewacin Nijeriya su ne ƙirar Peugeot, wadda Hausawa ke kira Fijo. Kamfanin ya fito da samfurin 404 a Faransa a shekarar 1960, sannan ya fito da 504 a 1968. An kafa kamfanin harhaɗa Peugeot na Nijeriya, wato PAN, a 1972, ya kuma fara aiki a unguwar Kakuri ta Kaduna a 1975. Daga nan ne motocin suka bazu ko'ina a ƙasar, har kusan kowane bakanike ya koyi sana'arsa a kansu. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har shekarar 2006, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. Baya ga Peugeot akwai ƙirar Japan, musamman Toyota Hilux wadda aka fara ƙerawa a 1968, da kuma Datsun, wadda daga baya aka koma kira Nissan.

Tsarin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari talaka. Tun daga lokacin aka koma ga motoci da kayan gyara na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Asiya, waɗanda ake kira tokumbo, ko Beljiyam, ko 'yan Kwatano. Kasuwanni irin su Ladipo a Legas, da Nkpor kusa da Anaca, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano suka zama wuraren da ake neman inji. Nijeriya ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. A ƙasar Kuba, bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata a farkon shekarun 1960, kanikawa sun riƙa ɗora wa tsofaffin motocin Amurka injunan Rasha, daga baya kuma na Japan da Koriya, domin motocin su ci gaba da aiki.

3.0 Yadda Ake Gane Injin da Ya Ƙare

Ba kowace matsala ce ke buƙatar sauke inji ba. Sau da yawa abin da ake zaton mutuwar inji ne, toshewar kafireto ce, ko lalacewar fulogi, ko kuskuren saitin wuta. Saboda haka matakin farko shi ne tabbatar da cutar kafin a nemi magani. Kanikawa suna lura da alamomi kamar haka:

(a) Launin hayaƙi. Shuɗin hayaƙi yana nuna inji na ƙona baƙin mai, galibi saboda ringi ya cinye. Baƙin hayaƙi yana nuna fetur ya yi yawa a kan iska, wannan kuwa gyaran kafireto ne ko matatar iska. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama yana nuna ruwa na shiga ɗakin ƙuna.

(b) Haɗuwar ruwa da mai. Idan aka zaro sandar awon mai aka ga man ya koma kamar koko, to gasket ya ƙone, ko kuwa kan silinda ya tsage.

(c) Ƙara. Bugu mai nauyi daga ƙasan inji, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur, alama ce ta cinyewar metal ɗin karanshaf. Idan aka ci gaba da tuƙi a haka, inji yakan buga gaba ɗaya.

(d) Raguwar ƙarfi. Motar da a da take hawa tudu da giya ta uku, yanzu sai da ta ɗaya, ga kuma yawan shan mai, tana nuna matsin silindarta ya ragu. Akwai ma'aunin da ake ɗaurawa a ramin fulogi domin auna wannan matsi, kuma ya fi dogaro da kunne kawai.

Idan gangar inji ba ta fashe ba, karanshaf kuma yana da sauran naman da za a iya gogewa, to akwai sauran magana. Idan kuwa sandar fistin ta ɓalle ta huda ganga, ko an sha goge karanshaf har ya kai iyaka, babu makawa sai canji.

4.0 Hanyoyin da Ke Gaban Mai Mota

4.1 Garambawul

Kalmar garambawul ta shigo Hausa daga Ingilishi ta bakin kanikawa, kafin ta yaɗu zuwa fagen mulki, inda ake cewa an yi wa majalisar ministoci garambawul. A gareji tana nufin a wargaza inji baki ɗaya, a sauya duk abin da ya cinye, a mayar. Tsofaffin injunan Peugeot na fetur suna da wata fa'ida a nan: silindarsu bututu ne da ake zarewa daga ganga a sa sabo tare da fistin da ringinsa, ba sai an kai ganga wurin masu gundura ba. Aikin yana kama da na maɗoran da Aliero ta yi suna da su, wato a mayar da abin da ya goce mazauninsa maimakon a yar da shi. Amfanin wannan hanya shi ne mai mota ya san tarihin injinsa, lambar injin kuma ba ta canza ba. Illarta ita ce yawaitar jabun kayan gyara. Ringi ko metal na jabu yana iya cinyewa cikin 'yan watanni, a koma gidan jiya bayan an kashe kuɗi.

4.2 Inji Ɗan Gida Ɗaya

Hanya ta biyu ita ce a nemo injin da ya fito daga dangi ɗaya da na asali. Injin fetur na 404 yana da girman sisi 1,618. Na 504 akwai mai sisi 1,796 da mai 1,971, wannan na ƙarshe kuma an yi amfani da shi a samfurin 505 da ya fito a 1979. Dukkansu masu silinda huɗu ne, kuma an kishingiɗar da su gefe guda a cikin mota. Saboda kusancin ƙirarsu, ɗora ɗaya a gurbin ɗaya ba ya buƙatar yanke-yanke da yawa. Sai dai a lura, motar J5 da ke dakon kayan gwari tana amfani da inji daga wannan dangi, amma a kwance yake a gicciye domin yana jan ƙafafun gaba, don haka wasu sassansa na waje sun bambanta, sai an sauya su kafin ya zauna a a-kori-kura. Babbar matsalar wannan hanya a yau ita ce tsufa. An daɗe da daina ƙera waɗannan injuna, saboda haka mafi yawan waɗanda ke kasuwa sun riga sun sha aiki a wata motar.

4.3 Injin Wani Kamfani

Hanya ta uku ita ce a ɗauko injin wani kamfani daban, galibi na Toyota ko Nissan, a dasa. Cikin injunan Toyota da kanikawa suka sani akwai 3Y mai sisi 1,998, da 4Y mai 2,237, da 22R mai 2,366. An san su da juriya, kayan gyaransu kuma suna samuwa. Amma dashe aiki ne babba. Bakin giyabos na Peugeot bai dace da bayan injin Toyota ba, don haka ko dai a ƙera farantin da zai haɗa su, ko a sayo injin tare da giyabos ɗinsa. Idan aka yi na biyun, dole a yanke farfela a daidaita tsawonta, a sake mazaunin inji, a duba inda sandar giya za ta ɓullo, a sake hanyar salansa da bututun lagireto. Farfelar da aka yanke aka haɗa ba bisa daidaito ba takan sa mota karkarwa, ta riƙa cinye kuros da belin.

Akwai kuma bambanci tsakanin inji mai kafireto da mai injekta. Yawancin injunan da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau masu injekta ne, wato ƙaramar kwamfuta ce, wadda kanikawa ke kira birenbos, ke auna man da inji zai sha. Irin wannan inji ya fi tsimin mai, amma sai an sayo shi da birenbos ɗinsa da dukkan wayoyinsa da famfon mai na lantarki, kuma ba ya jure gurɓataccen fetur. Idan ya tsaya a cikin fadama, ba kowane bakanike ne zai iya tayar da shi da sifana da sukundireba ba.

4.4 Injin Gas

Hanya ta huɗu ita ce komawa ga inji mai amfani da man gas, wato dizal. Peugeot ya ƙera irinsa mai sisi 1,948 da 2,112 da 2,304, Toyota kuma yana da 2L mai sisi 2,446 da 3L mai 2,779. Injin gas yana da ƙarfin ja tun daga ƙaramin juyi, kuma lita ɗaya tana kai shi nesa fiye da na fetur. Amma ya fi nauyi, don haka ƙafafun gaba suna buƙatar ƙarin ƙarfi. Yana buƙatar babban batir da kik mai ƙarfi, da wani famfo na musamman domin taimakon birki, tun da ba ya samar da zuƙar iskar da birki ke dogaro da ita a injin fetur. Gyaran famfonsa da nozul aikin ƙwararru ne waɗanda ba a kowane gari ake samunsu ba. Bugu da ƙari, gwamnati ta daɗe da cire hannunta daga farashin gas, kuma a shekarar 2022 farashin ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka tsimin da injin ke yi a lita yana iya narkewa a farashin litar.

5.0 Ma'aunan Zaɓe

Babu injin da ya fi kowane inji a kowane hali. Abin da ya dace da wani yana iya zama asara ga wani. Ga ma'aunai biyar da ake ɗora kowane zaɓi a kai.

Na farko, irin aikin motar. Motar da ke zirga-zirga a kan kwalta, daga Aliero zuwa Jega, ko daga Jega zuwa Maiyama da Koko, buƙatarta daban da wadda ke shiga rairayi da taɓon fadamar gulbin Zamfara. Ta biyun ƙarfin ja take buƙata fiye da gudu. A nan ya kamata a fahimci cewa ƙarin ƙarfin inji ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗauka. An ƙera a-kori-kura ƙirar Peugeot domin kaya kimanin tan ɗaya. Birkinta da sifirin da aksul duk an auna su a kan wannan nauyi. Wanda ya sa babban inji domin ya ninka buhunan albasa, ya ƙara wa motar ikon tashi ne kawai, bai ƙara mata ikon tsayawa ba, kuma rayukan fasinjojin da ke zaune a kan kaya su ne a cikin haɗari.

Na biyu, yanayin ƙasa. A watannin Maris zuwa Mayu zafi a jihar Kebbi yakan haura digiri 40, kuma lokacin ya zo daidai da kwasar amfanin noman rani, sa'ad da mota ta fi shan aiki. Babban inji yana fitar da zafi mai yawa, don haka idan aka bar masa tsohon ƙaramin lagireto, zai riƙa tafasa har gasket ya ƙone. Haka kuma ƙurar hunturu tana cinye ringi da silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Duk injin da aka zaɓa, wajibi ne a haɗa masa matatar iska mai kyau. Al'adar barin bakin kafireto a buɗe tana rage kwanan inji ƙwarai.

Na uku, samuwar kayan gyara da mai gyara. Tambayar da mai mota zai yi wa kansa ita ce: idan famfon ruwa ko fanbel ya lalace ranar kasuwa, za a same shi a Jega ko Birnin Kebbi, ko sai an aika Sakkwato ko Kano? Motar da ta kwana uku a gareji tana jiran saƙo a tsakiyar kakar albasa ta yi asarar da ta fi kuɗin abin da ake jira. Inji mai sauƙin kuɗi wanda kayansa ba sa samuwa shi ne mafi tsada daga ƙarshe.

Na huɗu, shan mai. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, direbobi da yawa ba su cika damuwa da wannan ba. Daga ranar farashin ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, lissafi ya canza. A ƙaddara akwai injuna biyu, ɗaya yana shan lita 12 a kilomita 100, ɗayan lita 15. Idan mota tana tafiyar kilomita 150 a rana, bambancin lita 4.5 ne kullum. A kwana shida ya zama lita 27, a shekara kuma ya haura lita 1,400. Wanda ya ninka wannan da farashin lita zai ga cewa rangwamen da ya samu ranar ciniki yana iya komawa gidan mai kafin shekara ta zagayo. A shekarar 2023 ɗin ce kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas. Injin fetur yana karɓar wannan sauyi, amma tukunyar iskar tana cin wurin kaya, kuma amfaninta ya dogara ga samun wurin sayen iskar a kan hanyar da motar ke bi.

Na biyar, jimlar kuɗi. Kuɗin inji kashi ɗaya ne kawai. Akwai kuɗin dako daga kasuwa, da ladan bakanike, da na mai walda, da na mai rewaya, da sabon kuloci, da baƙin mai da matatarsa, da kwanakin da mota za ta yi ba ta aiki. Mutane da yawa sukan sayar da dabba ko su ci bashi daidai kuɗin injin, sai aiki ya tsaya a tsakiya, mota ta shekara a kan duwatsu. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

6.0 Duba Inji a Kasuwa

Idan an tsayar da shawara, saura ciniki. Sayen inji ta waya cinikin biri a sama ne. Abin da ya fi shi ne mai mota ya tafi da bakaniken da zai ɗora injin, domin shi zai ɗauki alhakin aikin. Akwai 'yan kasuwa masu amana, akwai kuma masu wanke injin da ya gama aiki a cikin gida, su fesa masa fenti, su sayar da sunan Beljiyam. Tsabtar waje ba hujja ba ce. Abubuwan da ake dubawa sun haɗa da waɗannan:

(a) A buɗe murfin mai a leƙa. Baƙin dasƙararren datti yana nuna ba a kula da juyen mai ba.

(b) A kwance fulogai a jera su. Launin toka-toka ko ruwan ƙasa alama ce mai kyau. Wanda ya jiƙe da mai yana tona asirin silindarsa.

(c) A juya karanshaf da sifana. Ya kamata ya juya ba tare da cijewa ba, a kuma ji turjiyar matsi a kowace silinda.

(d) A duba kawunan notuna. Idan sun sha sifana, ko an ga sabon gam a bakin gasket, to an taɓa buɗe injin.

(e) A nemi tsaga ko alamar walda a jikin ganga, a kuma duba tsatsa a hanyoyin ruwa.

(f) In da hali, a tayar da injin a ƙasa, a saurari ƙararsa, a dubi hayaƙinsa.

Daga nan sai a yi yarjejeniya a kan kwanakin gwaji, a rubuta a jikin rasit, tare da lambar injin da sharaɗin canji idan ya ƙi. Kwanakin su wadatar a kai injin gida, a ɗora, a gwada shi da kaya.

7.0 Takardu

Kowane inji yana da lambar da aka buga a jikin gangarsa, kuma lambar tana cikin takardun mota. Da zarar an canza inji, abin da ke takarda ya saɓa wa abin da ke cikin mota. Ya wajaba mai mota ya je ofishin lasisi da rasit ɗinsa domin a gyara bayanin. Rashin yin haka yana iya jawo masa tsaiko a hannun 'yan sanda, ko jami'an duba lafiyar motoci, ko na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa wadda aka kafa a 1988. Injin da aka goge lambarsa kuwa, komai arharsa, a guje shi, domin yana iya zama na sata, kuma wanda aka kama da kaya shi ake tuhuma.

8.0 Kammalawa

An ga cewa canjin inji yana farawa ne da tabbatar da cewa tsohon ya ƙare. Idan gangarsa lafiya take, kuma akwai kayan gyara na gaske, garambawul ya fi sauƙi. Idan ta fashe, inji ɗan gida ɗaya ya fi saurin zama, na wani kamfani ya fi buƙatar ƙwararren hannu da ƙarin kuɗi, na gas kuma sai ga mai doguwar tafiya da kaya masu nauyi wanda ke kusa da masu gyaransa. Bayan an ɗora, kwanakin farko na lallaɓawa ne: kaya kaɗan, gudu kaɗan, ido a kan ma'aunin zafi, sannan a juye mai da wuri. Mai motar da ya bi waɗannan matakai yana iya ƙara wa a-kori-kurarsa shekaru masu yawa tana kai amfanin gona kasuwa.

Tambayoyin Bita

1. Kawo alamomi huɗu da ke nuna inji ya gaji, tare da bayanin abin da kowace ke nufi.
2. Kwatanta garambawul da dashen injin wani kamfani ta fuskar kuɗi da wahalar aiki.
3. Me ya sa ƙarin ƙarfin inji ba ya nufin ƙarin ƙarfin ɗaukar kaya?
4. Tsamo kalmomin aro goma daga wannan darasi, ka nuna sauye-sauyen sauti da suka same su wajen shigowa Hausa.
5. Rubuta bayani mai shafi biyu a kan yadda ake zaɓen injin ban ruwa, ta bin tsarin da aka bi a nan.